Filin Tambayoyinku: Tunanin Wani Ya Hana Ni Jin Daɗin Kallo da Wasa

Wasiƙu da dama na wannan wata kuka ɗaya suka zo da shi, alhali masu su ba su san juna ba. An rabu, ko an saɓa, ko an yi rashi, sai abin da mutum yake hutawa da shi, fim ne ko ƙwallo ko lido, ya koma wurin da ciwon yake tasowa. Mun zaɓi shida. Kamar kullum, mun sakaya sunaye, mun kuma rage tsawon wasiƙun.

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa mana rana da wani, har an fara haɗa lefe, sai maganar ta watse. Wata bakwai ke nan. Akwai wani shirin Hausa mai dogon zango da muke bi tare, shi a gidansu ni a namu, da zarar an gama sai ya kira ni mu yi ta musu kan abin da zai faru mako mai zuwa. Yanzu ko kiɗan buɗe shirin na jiyo daga falo sai gabana ya faɗi, ƙirjina ya yi nauyi, in tashi in shige ɗaki. Abin haushin, ni na fara kallon shirin nan tun kafin in san shi. Shi ke nan shirin ma ya tafi da shi? (Wata 'yar'uwa daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bai tafi da shi ba, amma zama jiran ranar da abin zai wuce da kansa ba zai dawo miki da shi ba.

Ƙwaƙwalwa tana ɗaure abu biyu da suka saba zuwa a jere. Tun farkon ƙarni na 20 masanin nan ɗan Rasha, Ivan Pavlov, ya nuna haka a kan dabbobi: sautin da ya saba riga abinci zuwa, daga baya shi kaɗai yana sa yawu ya zubo. Ke kuma mako bayan mako kiɗan nan ke zuwa, sannan kiran wayarsa ya biyo baya. Jikinki ya haddace jerin. Yau kiɗa ya zo, jiki ya yi shirin kira, kira bai zo ba. Nauyin ƙirjin kuwa ba shagwaɓa ba ce. A 2011 masu bincike ƙarƙashin Ethan Kross na Jami'ar Michigan a Amurka sun sa mutum 40 da aka rabu da su ba da son ransu ba a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna wa kowa hoton wanda ya bar shi. Wasu sassan da ke aiki idan zafi ya taɓa fata suka motsa.

To me ya sa wata bakwai bai rage komai ba? Saboda tashin da kike yi. Duk ranar da kika shige ɗaki, cikin minti ɗaya ko biyu kina samun sauƙi, sauƙin nan kuma shi ke tabbatar wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai abin gudu a falo. Ba ta taɓa samun damar ganin kiɗan ya zo ya wuce kina zaune ba. Kuma gudu yana faɗaɗa: yau shirin, gobe tashar gaba ɗaya, jibi zama a falo da daddare.

Maganin shi ne komawa da tsari, mataki mataki. Wannan hanya ta samo asali daga aikin Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, a shekarun 1950, kuma har yau da ita ake magance tsoro da gudun abu. Ki samu littafin rubutu. Ki jera abubuwa shida zuwa takwas da suka shafi shirin, ki ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon yadda yake tayar miki da hankali. Naki jerin zai iya zama kamar haka: jin ƙannenki suna hirar shirin, 2, ganin hoton 'yan wasan a waya, 3, kallon minti goma daga tsakiyar sabon kashi da rana tsaka, an tsallake kiɗan, 4, cikakken sabon kashi tare da wata, 5 ko 6, kiɗan buɗewa shi kaɗai, 7, kallo a rana da lokacin da kuka saba, 8, tsohon kashin da kuka fi yin musu a kansa, 9. Makin naki ne, kada ki kwafi namu.

Ki fara da abin da kika ba 3 ko 4. Zama ɗaya minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a mako. Kafin ki kunna, ki rubuta abin da kike tsoron zai faru, a fili: "zan yi kuka har dare", "ba zan iya cin abinci ba". Ki rubuta makin da kike ji kafin farawa, da tsakiya, da minti goma bayan gamawa, sannan ki rubuta abin da ya faru a zahiri. Wannan layin na ƙarshe shi ne ƙashin bayan aikin, don ƙwaƙwalwa tana koyo ne daga tazarar da ke tsakanin abin da ta zata da abin da ta gani. Kin zaci kukan dare guda, sai ya zama hawayen minti biyar, kika kuma yi sallar isha'i kika ci tuwo. Idan kin yi mataki ɗaya sau biyu a jere makin ya sauko kusan rabi, ko bai sauko sosai ba amma kin ga kina iya zama da shi, sai ki hau na gaba.

Ki sauya duk abin da za ki iya sauyawa a kewayen kallon. Idan da a kan gado kike kallo da waya, yanzu ki zauna a tsakar gida. Idan da ke kaɗai ce, ki jawo ƙanwa ko 'yar maƙota. Mafi muhimmanci, minti ashirin na bayan shirin, lokacin da kiran yake zuwa. Mutane da yawa suna jure kallon lafiya lau, sai shirun bayansa ya kayar da su. Ki yi alƙawari da wata ƙawa mai bin shirin cewa a makonni huɗu na farko za ku yi waya da zarar an gama, ku yi naku musun. In babu, ki ajiye wayar a wani ɗaki, ki tanadi aikin hannu da zai cinye lokacin: wanke-wanke, guga, tsintar wake.

Ga inda abin yake lalacewa. Na farko, a fara da mafi wuya. Wata rana zuciya ta ɗebi mutum ya ce yau sai na gama da wannan abu, ya kunna tsohon kashi ƙarfe goma sha ɗaya na dare shi kaɗai, abin ya kai 9, ya kashe a guje. Wannan ya ƙara ɗaure ƙullin ne. In kin ji ya yi yawa, ki tsayar da hoton amma kada ki tashi. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sau goma, bai kai minti biyu ba. Sannan ki ƙara ko da minti uku ne kafin ki rufe, don ya zama ke kika rufe, ba tsoro ya kore ki ba.

Na biyu, ƙoƙarin hana kai tunaninsa. A 1987 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya umarci mutane kada su tuna wata farar dabba na minti biyar. Suka kasa, kuma da aka sake musu mara sai tunanin ya fi yawa. Dalilin shi ne mai gadin tunani dole ya riƙa leƙawa ko tunanin ya zo, leƙen kuma shi ke kawo shi. Idan ya faɗo miki, ki ambace shi a zuci, "ga tunaninsa nan", ki mayar da kunnenki kan abin da ɗan wasan ke faɗa. Zai dawo, ki sake yin haka.

Na uku, leƙa shafinsa bayan kallo. Binciken Tara Marshall na Jami'ar Brunel a Ingila, a 2012, kan mutum 464, ya nuna masu bibiyar shafin Facebook na wanda suka rabu da shi sun fi fama da damuwa da begensa. Kallon minti ashirin da aka bi shi da duba hotunansa na awa guda, aikin banza ne.

Na huɗu, wata rana ciwon zai dawo bagatatan bayan kin ɗauka kin warke: ranar Sallah, ko ranar da kika ji an ɗaura masa aure. Sabon koyo ba ya goge tsoho, yana rufe shi ne kamar sabon yaɓe a kan tsohon bango, damina mai ƙarfi takan sa tsohon ya leƙo. Ki koma baya mataki biyu, ki sake hawa. Karo na biyu ya fi sauri.

Ki ba tsarin mako shida kafin ki yanke masa hukunci. Kuma ki sani juriya ce take fara dawowa, daɗi sai daga baya. Kada ki zauna kina tambayar kanki ko kin fara jin daɗi. Wannan tambayar kanta tana fitar da mutum daga cikin labarin.

Tambaya: Abokina ne tun firamare, ƙungiya ɗaya muke goya wa baya a gasar Firimiya, benci ɗaya muke zama a gidan kallo, muna kuma buga ƙwallon gem tare. Na ba shi kuɗi mu yi kasuwanci, ya cinye, yana mini yawo da hankali. Yanzu ko ƙungiyarmu ta ci, maimakon murna sai in tuna shi ma yana can yana murna, raina ya ɓaci. Na daina zuwa kallo. (Wani matashi daga Jos)

Amsa: Ɗan'uwa, ka karanta amsar da ke sama, matakan za su yi maka aiki, amma naka ya bambanta ta fuska ɗaya. Ita baƙin ciki ke damunta, kai fushi ne, fushi kuma da maimaici yake rayuwa. Muna kyautata zaton idan ana wasa, kai kana can kana sake shari'ar a ranka: abin da ya ce, abin da ya kamata ka ce, abin da za ka faɗa masa in kun haɗu. Minti casa'in na zama wuri ɗaya dama ce babba ga irin wannan shari'a.

Ka raba maganar gida biyu. Maganar kuɗi tana da hanyarta: ka rubuta nawa ne, yaushe aka bayar, wa ya shaida, ka tattara saƙonni da shaidar tura kuɗi ta banki, ka kai gaban wani babba da yake jin nauyinsa, a rubuta yadda zai biya da ranaku. In ya ƙi, akwai kotu. Muddin ba ka ɗauki mataki ko ɗaya a zahiri ba, zuciyarka za ta ci gaba da ɗaukarsa a gidan kallo.

Sannan ka ware wa fushin lokacinsa. Wannan dabara ce da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka gwada a Amurka a shekarun 1980 ga masu yawan saƙe-saƙe. Minti 20 kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, misali bayan la'asar a kan wata kujera da ba a kanta kake kallo ba, kuma ba dab da barci ba. Ka rubuta duk abin da ke ranka, minti biyar na ƙarshe ka rubuta mataki ɗaya da za ka ɗauka. Idan tunanin ya zo ana tsakiyar wasa, ka ce masa "sai la'asar", ka koma fili. A kwanakin farko zai yi gardama. Abin da ke sa ya yi aiki shi ne cika alƙawarin. In ka ɗage shi ba ka zauna da la'asar ɗin ba, ya koma dannewa kawai.

Ka ba idonka aiki. Zaɓi ɗan wasan tsakiya ɗaya, ka bi shi minti biyar ko ƙwallo ba ta wurinsa: ina yake tsayawa idan an kawo hari, sau nawa ya juya kai kafin ƙwallo ta iso. Hankalin da ke ƙirga ba ya samun sararin shari'a.

Jerin naka: ka fara da wasan ƙungiyoyin da ba ruwanka da su, a wani gidan kallo dabam, sai ƙaramin wasa na ƙungiyarku, sai babban wasa, sai tsohon gidan kallonku. Kowace ƙungiya wasa 38 take bugawa daga Agusta zuwa Mayu, ba ka rasa damar gwaji ba. Kada sauya wuri ya zama na dindindin, in ba haka ba ka bar masa unguwar ke nan. Ranar da za ka koma, ka tafi da wani, ka yanke tun daga gida abin da za ka yi in kun yi ido biyu: sallama, ka wuce wurin zamanka, ana busa tashi ka fita ba tare da tsayawa majalisa ba. Malamai da dama sun ce sallama tana fitar da mutum daga laifin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, kuma yin ta ba yafe bashi ba ne.

Gem kuwa, ka cire shi daga jerin abokan wasa, ka kashe sanarwar da ke nuna ya hau, ka buɗe sabuwar gasa da wata ƙungiya maimakon ci gaba da wadda kuka gina tare. Kada ka neme shi don ka lallasa shi ka huce. A 2002 wani mai bincike, Brad Bushman, ya sa mutanen da aka fusata su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai. Sun fito da fushi fiye da waɗanda suka zauna shiru ba su yi komai ba. Abu na ƙarshe, tunda muna ganin yana faruwa: wasu idan ƙwallo ta daina yi musu daɗi sai su sa caca don su dawo da zumuɗin. Wanda bashi ya riga ya ƙona, wannan ba ƙofar da zai bi ba ce.

Tambaya: Maigidana ya rasu, na fita takaba wata uku da suka wuce. Kullum bayan isha'i yakan buga lido da ni da yara biyu, shi ja yake ɗauka. Yaran suna ta roƙo mu buga. Na ɗauko allon sau ɗaya, na ga jajayen 'ya'yan, na mayar. Kuma ina jin kamar in na yi dariya a wasan na ci amanarsa. (Wata uwa daga Maraɗi)

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri, Hajiya. Ke ba za mu ce ki raba lido da tunaninsa ba. Babu buƙata, kuma ba zai rabu ba. Abin nema shi ne tunanin ya zama wanda za a iya zama da shi a kan tabarma.

Masu nazarin jimami, Margaret Stroebe da Henk Schut na ƙasar Holan, sun bayyana a 1999 cewa mai rashi yana kai-kawo ne tsakanin hali biyu: wani lokaci yana fuskantar rashin, wani lokaci yana hutawa daga gare shi yana harkar rayuwa. Dukansu ana buƙata. Dariyar da ta kuɓuce miki don ƙaramin ya yi siki uku a jere tana cikin na biyun, ba ta rage komai daga matsayinsa ba. Hawaye ma ba saɓo ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

A aikace: ki adana tsohon allon, ki sayi sabo, ko da ƙarami ne. Ku fara da rana, bayan la'asar, ba bayan isha'i ba. Maganar ja ku yanke ta kafin a buɗe allo, tare da yaran: a bar gidan babu kowa, ko a riƙa karɓa-karɓa, ko babban ya gaje shi. Yara sukan zo da amsar da babba bai zata ba. Ki gaya musu tun farko, "wataƙila in yi kuka, ba ku kuka sa ni ba, ku ci gaba da jefawa." Wannan jumla tana da amfani ƙwarai, don yaron da ya ga uwarsa ta tashi da hawaye ba bayani yakan ɗauka shi ya yi laifi, sai ya daina ambaton uban gaba ɗaya. Zagaye ɗaya ya isa a ranar farko. Ku rufe da yi masa addu'a, sai kowa ya tashi zuwa wani abu.

Wata bakwai ba jinkiri ba ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta ware jimamin da ya zarce: wanda ya wuce aƙalla wata shida, ya kuma wuce abin da al'adar mutum ta saba, begen mamacin ya cika kusan kowace rana, mutum ya kasa yarda an rasu, ya kasa girki ko sana'a ko kula da yara. In haka kike, ki ga likita. In lido ne kawai da wasu 'yan wurare ke tayar da shi, kina kan hanya.

Tambaya: Ni akasin haka nake. Tun da ya sake ni, kullum sai na kalli finafinan Indiya na soyayya da aka fassara, waɗanda muke kallo tare, ina kuka har ƙarfe biyu na dare. Wayar ma kamar ta sani, su take ta kawo mini, da tsofaffin hotunanmu. (Wata 'yar'uwa daga Kumasi)

Amsa: Kada ki ɗauka wannan shi ne komawar da muka ba 'yar'uwarmu ta Zariya shawara. Ita za ta kalli shiri ne don ta ga shirin, ke kina kallo ne don ki gan shi. Gwajin mai sauƙi ne: awa ɗaya bayan kallo, da kuma washegari da safe, kin fi sauƙi ko kin fi nauyi? In nauyi ne kwana uku a jere, kallon yana ciyar da ciwon.

Ki ajiye waɗannan finafinan wata ɗaya. Ki kai katin wayar wurin mai tura finafinai ya zuba miki wani iri dabam, barkwanci ko na tarihi, abin da ba ku taɓa kallo tare ba. Ki sa wa kanki ƙarfe goma a matsayin lokacin rufe waya, ki bar ta tana caji nesa da shimfiɗa, don rashin barci shi kansa yana ƙara kaifin baƙin ciki washegari.

Wayar ba ta san komai ba, abin da kika daɗe a kansa take ƙaro miki. A YouTube, ki danna ɗigo ukun da ke gefen bidiyo ki zaɓi "Not interested" ko "Don't recommend channel", sannan ki shiga tarihin kallo ki goge waɗancan finafinan, don daga nan take zaɓo miki. A TikTok, ki danne bidiyon ki riƙe, zaɓin zai fito. A Facebook da Google Photos, cikin saitin "Memories" akwai wurin ɓoye mutum da kuma ranaku. Ki sa shi, ki sa ranar aurenku. A WhatsApp ki rufe ganin status ɗinsa, in akwai 'ya'ya tsakaninku ki bar lambar don maganarsu kawai. Hotunan kuma kada ki goge su cikin fushi. Ki kwashe su a kati, ki ba wata gwaggo ta riƙe miki wata uku, sannan ki yanke shawara.

Tambaya: Akwai wani ɗan wasa da muryarsa da yadda yake ɗaure fuska sak tsohon mijina, wanda ya sha dukana. Da ya fito a fim sai jikina ya hau rawa, in ji kamar ina cikin ɗakin nan, daren kuma in yi mugun mafarki. Shekara biyu da rabuwarmu. (Wata baiwar Allah daga Gombe)

Amsa: Sannu, 'yar'uwa. Ke kada ki bi matakan nan ke kaɗai. Rawar jiki, jin kamar abin yana sake faruwa yanzu, da mafarkai, fiye da wata ɗaya bayan duka ko barazana, alamu ne na ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abu, kuma tunkararsa ba jagora na iya tsananta shi. Yana da magani ta hanyar zama da ƙwararre, ana bin abin da ya faru a tsare cikin makonni.

Kafin ki samu ganinsa, kauce wa finafinan wannan ɗan wasa ba laifi ba ne. In ya fito ba zato, ki taka ƙasa da tafin ƙafa sosai, ki faɗi ranar yau da inda kike da murya, ki ambaci abu biyar da kike gani a ɗakin, ki wanke fuska da ruwan sanyi. Manufar ita ce jiki ya gane yau ne, ba wancan dare ba. Ki sanar da mutum ɗaya a gidan don ya sauya tasha ba sai an yi dogon bayani ba. In har yanzu yana bibiyarki ko yana miki barazana, wannan maganar tsaro ce, ta riga maganar fim.

Tambaya: Da farko wasan dara ne ya fita raina bayan mun ɓata da yayana kan gado. Yanzu ƙwallo, rediyo, hira, har abinci, babu mai ɗanɗano. Ina farkawa ƙarfe uku in kasa komawa. (Wani magidanci daga Sakkwato)

Amsa: Malam, wannan ya wuce maganar dara. Wanda abu ɗaya ya ɓace masa saboda tunanin wani, yana jin daɗin sauran abubuwa. Idan ɗanɗanon komai ya tafi kusan kullum har mako biyu ko fiye, ga farkawar tsakar dare, ga rashin cin abinci, likita zai fara duba ciwon damuwa mai tsanani. Rashin lafiya ce, ba raunin imani ba, kuma addu'a da asibiti ba sa karo.

Kusa da kai akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Masu karatu na wasu wurare, akwai irinsa a Barnawa ta Kaduna da Maiduguri, a Kano akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma likitan babban asibiti ma zai iya fara dubawa ya tura. Za a yi maka tambayoyi kan barci, ci, ƙarfin jiki da tunani, wataƙila a auna jini don cire wasu cututtukan da ke kama da wannan. In an ba ka magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin bambanci, ana kuma ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Yanke magani da wuri ko yanke shi lokaci ɗaya yakan jawo koma-baya. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka, irin su diazepam suna kama jiki cikin 'yan makonni.

Kafin ranar zuwa asibiti, ka riƙa yin abu biyu kullum ko ba ka so: tafiyar minti 20 da safe, da zama minti 15 a majalisar dara ko ba za ka buga ba. A wannan ciwo sha'awa tana biyo bayan aiki ne, ba ta riga shi. Idan kuma tunanin mutuwa ko cutar da kai ya taɓa zuwa maka, kada ka jira ranar asibiti: ka gaya wa wani na kusa yau, ya raka ka sashen gaggawa. Ranar zuwa ka tafi da takarda da ka rubuta yaushe abin ya fara, awa nawa kake barci, da sunan duk maganin da kake sha, har na gargajiya.